Ra'ayinmu: Kwamfutar da ta ƙi tashi, a auna ta kafin a ce ta mutu

A makarantun sakandare da ofisoshin ƙananan hukumomin arewacin Yobe, tun daga Jakusko, a bi ta Gashuwa har Nguru, akwai maganar da kunne ya saba da ita: "Ai kwamfutocin sun mutu." Da wannan magana ake garƙame ɗakin kwamfuta, da ita malami ke komawa zana kibod da alli a jikin allo, da ita kuma ake rubuta takardar neman sababbi. Ba kasafai ake tambayar wanda ya tabbatar da mutuwar ba, balle a ji da me ya auna. Sau da yawa iyakar abin da aka gani shi ne an danna maɓalli, fanka ta juya, 'yar fitila ta kama, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Wata kuma ta tashi, kafin ta nuna komai ta ɗauke, ta sake tashi, ta sake ɗaukewa. Shi ke nan sai a lulluɓe ta da tsohon zani, a ja ƙofa.

Lamarin ya wuce na ƙarfe da waya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. WAEC ta fara hakan da ɗalibai masu zaman kansu a 2024, kuma a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana aniyar ɗora jarrabawar WAEC da NECO a kan wannan turba. Yaron da ya tashi a ƙauyen Jakusko, bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar da ya zauna a cibiyar jarrabawa, an cuce shi tun kafin ya karanta tambayar farko. Idan kuwa a makarantarsu akwai ɗaki cike da na'urorin da aka ce sun mutu alhali da ransu, cutar ta zama biyu. Shi ya sa muka tsaya a kan tambayar da wasu za su raina: me ke hana tsohuwar kwamfuta tashi, kuma gyara ya fi ko sauyawa?

Wuta ba ta isa cikin na'ura a cike lokaci guda. Da an danna maɓalli tana hawa ne daga sifili har ta kai inda ake so, kuma a tsakanin nan rawa take yi. Firosesa, ƙwaƙwalwar da ke juya komai, idan ta fara aiki cikin wannan rawa za ta karanta umarni a karkace, ta bi hanyar da ba ta ɓullewa, ta sandare. Saboda haka masu ƙira suka sa wani ɗan sashe wanda aikinsa kaɗai shi ne ya riƙe ƙwaƙwalwar har wuta ta zauna, sannan ya sake ta ta fara daga umarni na farko. Kamar liman ne da ba ya kabbara sai ya waiga ya ga sahu ya miƙe. Wannan riƙo da saki shi ne riset. In aka saki ƙwaƙwalwa da wuri, ta fara a rikice. In ba a sake ta ba sam, ta yi ta jira: fitila na ci, fanka na juyawa, allo ba komai. A duka biyun ƙwaƙwalwar lafiyarta lau, mai riƙon ne ya gaza, kuma mai riƙon yakan kasance abu mafi arha a cikin akwatin.

An fi ganin wannan ƙarara a kwamfutocin gida na farkon shekarun 1980. ZX Spectrum, wadda kamfanin Sinclair ya fitar a Ingila a 1982, resista ɗaya da kafasita ɗaya ne ke yi mata wannan aiki. Kafasitar tana cika da caji sannu a hankali, kuma ɗan lokacin da take ɗauka kafin ta cika shi ne jinkirin da ƙwaƙwalwar Z80 ke buƙata. Commodore 64 ta Amurka, ita ma 'yar 1982, a zubinta na farko wani guntu mai ƙidayar lokaci da ake kira 556 aka ɗora wa aikin. Irin kafasitar nan akwai ruwan sinadari a cikinta, shekaru kuma suna busar da shi. Idan ta bushe jinkirin ya gajarce, na'ura ta dinga tashi da tarkacen launuka a allo, ko ta ƙi kawowa sai an kashe an kunna sau biyu sau uku. Idan ta fara tsiyayar da caji ba za ta cika ba, riset ya maƙale. Har yau a Ingila da Jamus da Amurka akwai masu sha'awar waɗannan na'urori da ke tayar da su bayan shekara 40 da 'yan kai, kuma tsarin bincikensu bai canza ba: a auna wuta, a duba riset, a duba agogon da ke ba ƙwaƙwalwa bugu, kafin a zargi wani guntu mai tsada. Masu Commodore 64 sun ma san ba a jona ta da tsohon akwatin wutarta ba tare da an auna shi ba, domin idan ya lalace yakan tura fiye da bolt 5, ya ƙone abin da shekaru suka ƙyale.

Ba waɗannan ne ke jibge a ɗakunanmu ba. Namu na baya ne, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq masu Pentium 4 ko Core 2 Duo, da yawansu 'yan gwanjo da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka Legas, suka bi ta Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba, suka iso Kano, daga can 'yan kasuwa da 'yan kwangila suka ɗauko su. Amma dokar ita ce dai. Tun daga kwamfutar IBM ta 1981 aka ɗora wa akwatin wuta, wanda muka fi sani da fawa-fak, alhakin ba da shaidar cewa wuta ta daidaita. A tsarin ATX da Intel ta fitar a 1995, wata waya mai ruwan toka ce ke ɗauke da wannan shaida. Bayan layukan bolt 12 da 5 da 3.3 sun zauna, fawa-fak zai jira tsakanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa zuwa rabin daƙiƙa, sannan ya ɗaga wayar zuwa bolt 5, kuma sai bod, wato babban faifan da ƙwaƙwalwa da sauran sassa ke zaune a kai, ya ga haka yake sakin ƙwaƙwalwa. Idan wutar gida ta yi ƙasa fiye da yadda fawa-fak zai jure, ko ta ɗauke na lokacin da ya wuce kusan kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa, sai ya janye shaidarsa, na'ura ta koma farko. Wannan ne yakan sa kwamfuta ta dinga tashi tana ɗaukewa idan lodi ya yi wa janareta yawa, ko aka kunna injin fotokwafi a layi ɗaya da ita. A irin wannan hali wutar ce ba ta da lafiya, ita na'urar abin da aka ƙera ta ta yi take yi.

Sai yanayinmu ya ƙara nasa. Masu ƙera kafasita suna da ƙa'idar da suka daɗe da ita: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwananta. Na'urar da aka ƙera don ofis mai sanyi, aka kawo ta ɗakin kwano a Nguru, inda a watannin Afrilu da Mayu zafin waje kaɗai ke haura digiri 40, da sauri take cinye shekarunta. Hunturu ya zo da ƙura mai laushi da ba ta jin ƙofa ko taga, ta toshe fanka, ta lulluɓe ƙarfen da ke shanye zafi, ta kwanta a bakin ram, ma'ajiyar wucin gadi ta na'ura. Damina na sauka, musamman a garuruwan bakin kogin Yobe da fadamun Haɗeja da Nguru, ƙurar ta sha laima, ta zama hanyar da wuta ke bi inda bai kamata ba. Ajiya ma ba ta tsirar da su. Kafasitar da ta daɗe ba ta ga wuta ba raunana take yi, ɗan batirin bod, CR2032 mai bolt 3, yana ƙarewa ko ana aiki ko ba a yi, ɓera kuma ya samu waya ya ci. Shugaban makarantar da ya kulle ɗaki don tsoron kada yara su ɓata kayan gwamnati a tuhume shi ya yi ne da kyakkyawar niyya, amma kullewar tana cikin abin da ke kashe su.

Wasu kuma da cutarsu suka zo tun daga masana'anta. Daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000 kasuwar duniya ta cika da kafasitocin da aka haɗa ruwansu ba daidai ba, suna kumbura su fashe tun ba su tsufa ba. Kamfanoni da dama abin ya shafa, har Dell ta ware kusan dala miliyan 300 a 2005 saboda bod na OptiPlex GX270 da GX280. Irin waɗannan injina na cikin waɗanda gwanjo ya kawo mana.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyaran da ya san aikinsa ya ga abin ba ya cin rana. Zai fara da bayan fawa-fak, domin tsofaffi da yawa suna da ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wanda ya zo daga Amurka a kan 115, aka jona shi da wutarmu ta 230, ƙara ɗaya yake yi da hayaƙi, kuma sau da yawa ɓarnar a nan take tsayawa. Sai ya buɗe murfi, ya hure ƙura, ya haska tocila a kan 'yan gwangwanayen da ke tsaitsaye kewaye da ƙwaƙwalwa. Lafiyayyar kafasita kanta a shafe yake. Wadda ta lalace kanta ya tasa, tsagin da ke samanta ya buɗe, wani lokaci har da busasshen abu ruwan ƙasa da ya tsiyayo ya daskare. Daga nan ya ɗora mita a kan waya shunayya ya ga ko bolt 5 na jiran aiki yana nan, ya kunna, ya auna rawaya da ja da mai ruwan lemo, kowacce kada ta kauce da fiye da kashi 5 cikin 100, sannan ya zo kan mai ruwan toka. Idan layuka sun cika amma ita tana sifili, laifin ya sauka a kan fawa-fak. Idan ita ma ta hau, sai ya zare ram gaba ɗaya ya kunna. Na'urar da ta yi ƙara tana kukan rashin ram ta ba da shaida da bakinta cewa ƙwaƙwalwarta ta farka. Ya goge bakin ram da abin goge fensir, ya sa sabon batiri, ya mayar. Wasu injinan Dell da HP suna da nasu tsarin waya daban, don haka mai gyara nagari yakan tabbatar kafin ya ɗora mita. Ba mu ce kowacce za ta tashi ba. Abin da muke cewa shi ne wannan aiki na ƙasa da awa guda shi ke raba mai rai da matacciya, kuma kayan yin sa ba su wuce mita da sukudireba da ƙarfen narka dalma ba.

To amma masu cewa a rabu da tsofaffi suna da hujjoji, kuma ba mu ɗauke su da wasa ba.

Mafi ƙarfi ita ce ta manhaja. Microsoft ta daina kula da Windows XP a 2014, ta daina da Windows 7 a 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan injinan da aka ƙera kafin wajen 2018, saboda tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan. Ke nan, in ji su, ko ka tayar da Core 2 Duo, ka tayar da abin da ba zai ƙara samun kariya ba, kuma wanda ya jona shi da intanet ya zuba bayanan mutane a ciki ya jefa su cikin haɗari. Suna kuma kawo maganar cin wuta. Tsohuwar kwamfutar tebur da allonta tana iya jan wat 100 ko fiye, mai ƙaton allon gilashi ta fi haka, alhali laftof ba ta kai rabi ba. A makarantar da sola ce gatanta, wannan shi ne bambancin ɗakin da zai yi aiki har azahar da wanda batirinsa zai ƙare da hantsi.

Akwai maganar amana, kuma ba ƙarama ba ce. Ana samun mai gyaran da zai zare ram mai kyau ya sa mai rauni. Ana samun kwangilar gyaran da za a biya ba a kwance sukuru ko ɗaya ba, domin ba a ganin gyara da ido yadda ake ganin sabon kwali. Sabuwar na'ura aƙalla tana zuwa da lamba da garanti, ana iya ƙirga ta. Ga kuma haɗari: fawa-fak da tsohon allon gilashi suna riƙe cajin da zai iya halaka mutum ko bayan an zare su daga bango, ba abin da za a bar wa ɗalibi mai karambani ba ne.

Hujjar da ta fi taɓa zuciya ita ce ta mutunci. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da cibiyar Yarjejeniyar Basel da ke Ibadan, a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016, ya nuna ana shigo da kusan tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki tun daga jirgi. Ƙasar da ba ta manta da gubar da aka jibge mata a garin Koko a 1988 ba tana da dalilin yin kaffa-kaffa. Uba a Gashuwa yana da haƙƙin tambaya: har yaushe ɗana zai yi karatu da abin da ofisoshin Turai suka yar? Mun ji wannan tambaya, kuma ba za mu sallame shi da "a yi haƙuri" ba.

Sai dai idan aka zauna aka tsefe hujjojin, za a ga sun fi ƙarfi a wasu wurare fiye da wasu, kuma akwai gaskiya ɗaya da duk suka tsallake. Abin da ya kashe tsohuwa shi zai kashe sabuwa. Ita ma sabuwar tana da kafasita, tana da riset, tana jiran shaidar wuta. A ajiye ta a ɗakin kwano, a jona ta kai tsaye da janareta, ba sitabilaiza, ba UPS mai riƙe wuta idan ta ɗauke, ba wayar da aka binne a ƙasa don ta kwashe wutar da ta kauce, ba za a daɗe ba za a sake rubuta takardar neman wasu. Garanti ba kasafai yake ɗaukar ɓarnar wuta ba, sannan wa zai ɗauki na'ura daga Jakusko zuwa Kano ko Abuja don bin haƙƙin garanti, da kuɗin wa? Sauya na'ura ba tare da gyara wuta da ɗaki ba maimaita asara ne da kuɗi mafi yawa. Kuɗin kuwa ya yi tsalle. Dalar da ke wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma kwamfuta da dala ake shigo da ita. Kuɗin sabuwa ɗaya zai iya sayen batura da kafasitoci da fawa-fak ɗin da za su tayar da na'urori da yawa.

Maganar manhaja ma tana da amsa a ɗakin koyo. Yaron da ke koyon riƙe linzami, da buga rubutu, da zaɓen amsa a jarrabawar gwaji, ba ya buƙatar Windows 11, sau da yawa ma ba ya buƙatar intanet. Akwai manhajojin Linux marasa nauyi, irin su Lubuntu da Linux Mint, kyauta ne, ana sabunta tsaronsu, kuma suna tafiya a kan Core 2 Duo idan ram ɗinta ya kai giga 4. Inda muka sallama wa masu suka shi ne a kan zubin Pentium 4 mai allon gilashi. Waɗannan sun ci zamaninsu: wutar da suke sha ta fi amfanin da suke bayarwa, kayan gyaransu kuma sun yi wuyar samu.

Sannan a tambaya, ina waɗanda aka ce sun mutu suke ƙarewa? Rahoton duniya kan sharar lantarki na 2024 ya ce a 2022 an samar da tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. A garuruwanmu 'yan gwangwan ne ke saye, a fasa, a ƙona waya don a fitar da tagulla, a watsar da sauran a bola. Allon gilashi cike yake da dalma, tsofaffin bod ma da ita aka liƙe su. Yankin Bade da Jakusko ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda, masana na ci gaba da binciken musabbabinsa. Ba mu ɗora wa sharar kwamfuta wannan laifi ba. Muna cewa ne yankin da ke cikin irin wannan hali bai kamata ya ƙara wa ƙasarsa da ruwansa ƙarfe mai guba ba matuƙar akwai hanyar kaucewa, kuma duk na'urar da aka tayar ta ƙara shekaru tana aiki, an jinkirta zuwanta bola.

Hannun gyara kuwa muna da shi, wannan ne ma abin da ya fi ba mu ƙwarin gwiwa. Matasan da ke gyaran waya a kasuwannin Gashuwa da Nguru suna narka dalma a kan ƙafafun da ido ba ya gani sai da gilashi. Kafasitar bod ta fi waɗannan girma nesa ba kusa ba. Tsofaffin masu gyaran rediyo da talabijin sun san kafasita tun kafin a haifi waɗannan matasa. Abin da ya rage shi ne a koya musu tsarin bincike na kwamfuta, daki-daki, da yadda za su kare kansu daga caji, a kuma ba su aiki ta hanyar da za a iya bin diddiginta.

Saboda haka hukuncinmu shi ne gyara ya zo farko, amma ba a ko'ina ba.

Cibiyar jarrabawa, da ofishin albashi, da ɗakin ajiye bayanan marasa lafiya, waɗannan a sa musu na'urorin da masu su ke ci gaba da kula da tsaronsu, tare da UPS. Ranar jarrabawar yaro ba ranar gwada sa'ar kafasita ba ce, domin shekararsa guda ke rataye a kan wannan allo. A nan muna tare da masu cewa a sayi sabuwa, ba tare da wani sharaɗi ba.

A ɗakunan koyo kuwa, kada a soke wata kwamfutar da aka saya da kuɗin jama'a daga littafin kaya sai da takardar gwaji: lambarta, abin da mita ta nuna a kowane layi, halin batiri da ram, sunan wanda ya auna da sa hannun shugaban makaranta da wakilin iyaye. Wannan takarda ita ce maganin matsalar amana, domin za a rubuta abin da ke cikin na'ura kafin a taɓa ta, a kuma ajiye duk abin da aka cire don a gani. A sa iyaka ga gyaran ma. Idan kuɗinsa zai kai rabin kuɗin irinta mai aiki a kasuwa, ko bod ya sake lalacewa bayan an gyara, a tsaya. A cire ram da fanka da fawa-fak mai lafiya don taimakon 'yan uwanta, a share ma'adanar bayanai tas, a miƙa gangar jikin ga masu tattara sharar lantarki da hukumar NESREA ta sani. Ƙungiyar EPRON, wadda kamfanonin kayan lantarki suka kafa a 2018 don wannan aiki, ya kamata gwamnatin jiha ta nemi ta kawo wurin tattarawa ko da ɗaya ne a Yobe ta Arewa.

Duk kwangilar sayen kwamfuta kuma, muna ba da shawarar a ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗinta don kare wuta, da silin da iska a ɗaki, da gyaran shekarun farko. Gara na'ura 18 da ke tashi kullum da 20 da za su kwanta tare. Masu kawo kyauta, ko 'yan siyasa ne ko ƙungiyoyi ko tsofaffin ɗalibai, a gode musu, amma a kunna kowace na'ura a gabansu kafin a sa hannu. Wannan ita ce amsarmu ga uban da ya yi tambayar mutunci: ba mu yarda a kawo wa ɗansa shara ba, ba mu kuma yarda a mayar da abin da ke aiki shara ba don kawai ba sabo ba ne. Shugabannin makarantu su ma a cire musu tsoro a rubuce. Wasiƙa ɗaya daga ma'aikata da ke cewa lalacewa a wajen koyarwa ba laifi ba ce, kuma wajibi ne a kunna kowace na'ura duk mako, za ta buɗe ɗakuna da yawa.

Wa zai yi aikin? Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman suna nan a tsakiyar yankin, kuma ɗalibansu na kimiyya suna neman wurin horon sanin makamar aiki na SIWES, wasu har sai sun yi tafiya mai nisa. A haɗa su da gogaggun masu gyara na kasuwa, a ba kowace tawaga mita da kayan aiki da kuɗin mota, su zagaya makarantun Jakusko da Bade da Karasuwa da Nguru da Machina da Yusufari. Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2019, kuma wannan aiki yana cikin mafi arha da za a iya yi a ƙarƙashinta. Muna kira ga Ma'aikatar Ilimin Firamare da Sakandare ta jihar da hukumar SUBEB su fara da ƙidaya: nawa ke akwai, nawa ke tashi, nawa suka tashi bayan an auna, su kuma wallafa sakamakon makaranta-makaranta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen hunturu, daga Fabrairu zuwa farkon Maris, sa'ad da ƙura ta gama sauka, zafin bazara bai kankama ba, kuma saura makonni yara su shiga jarrabawar JAMB, wadda a 'yan shekarun nan ake farawa a watan Afrilu.